Kafin a Rufe Silin

Walida, ranar da muka tashi daga sadakar arba'in ɗin mahaifiyarku kika tsayar da ni a soro, kika tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗi a dangin mijinki, wai ƙwaya aka kama ni da ita a Maleshiya shi ya sa aka koro ni. Ban ba ki amsa ba a ranar. Na ce miki kaina na ciwo, kuma da gaske yana ciwon. Na san Faruk ma ya sha jin irin wannan maganar tun yana sakandare, har ya taɓa fasa wa wani yaro baki a kanta, ya ƙi gaya mini dalilin faɗan. Ummi kuwa ba ta taɓa tambaya ba, kuma shirun nata ya fi damuna. To ga shi zan rubuta muku yadda abin ya kasance, tunda wadda ta san rabinsa ta riga mu gidan gaskiya, ni ma kuma ba yaro ba ne. Ba ƙwaya ba ce, ba damfara ba ce. A kan tsani aka same ni, riƙe da akwatin kwano.

Ina koyarwa a kwalejin fasaha aka tura ni Kuala Lumpur da kuɗin gwamnati, in yi digiri na uku a fannin sanyaya gine-gine. Muka kama gida a Danau Kota, can sama a wani dogon bene da ɗalibai 'yan ƙasarmu suka cika. Da safe in hau bas zuwa Jalan Semarak inda jami'ar take, in wuni a lab, wato ɗakin gwaji, da yamma in dawo in tarar da gidan ya cika da hayaniyarku. Ke da Faruk kun kwaso Turanci a makaranta, da shi kuke faɗa, da shi kuke shiryawa. Ummi da aka haifa a can ta buɗe baki ne da yaren maƙwabciyarmu, in tana jin yunwa sai ta bubbuga ƙofar kicin tana cewa makan, makan, wato abinci. Mahaifiyarku Hajara takan tsaya da ludayi a hannu ta ce a gidan nan da Hausa ake neman abinci, wanda bai iya ba ya kwana da yunwa, sannan ta zuba mata. Bincikena a kan yadda iska mai sanyi take haɗuwa da danshi a cikin rufin gini ne. Garin ya dace da wannan bincike, don gari ne da in ka shanya tawul sai ya kwana bai bushe ba. Shekarun farko ba mu da abin cewa sai godiya.

Sai naira ta faɗi. Kuɗin da ake turo mana ya fara makara, in ya zo kuma ya zo a rame. Wasu abokaina suka mayar da iyalansu gida. Wasu matan suka koma dafa tuwo da miyar kuka suna sayar wa gwauraye. Hajara ta fara yin dambun nama tana ƙullawa a leda, ina kai wa wani kedai, wato kanti, da 'yan Najeriya ke sayayya. Bai isa ba. Ga haya, ga makarantarku, ga kuɗin zangon karatuna da jami'a ba ta jira. Wani abokin karatuna, Malam Bashir, shi ya haɗa ni da Mista Tan, ɗan kwangilar da ke haɗa bututun iska na na'urar sanyaya ɗaki a shaguna da ofisoshi. Na san bizar ɗalibi ba ta yarda da wannan aiki ba. Kowa ya sani. Na kuma san mai gidan haya ba ya cin biza.

Mista Tan ɗan gajere ne, ɗan Sin na ƙasar, ya manyanta, kullum da tawul a wuya. Ranar farko ya dubi hannuna ya yi dariya, ya ce wannan hannun biro ne. Amma da ya ga ina karanta zanen gini ina faɗa masa inda iska za ta shaƙe, sai ya daina dariya, ya fara kirana Dokta. Na ce masa ban zama ba tukuna. Ya ce ba komai lah, shi ya ba ni a bashi. Na koyi yankan kwano a wurinsa, na koyi rataye bututu da liƙe gaɓa, hannuna ya yi kanta. Mutumin kirki ne gwargwadon hali. In azahar ta yi shi da kansa yake tuna mini, ya kuma san ba na cin abincinsu, sai ya aika a yi mini tapau, wato a ƙunso mini abinci, daga mamak, shagon abincin Musulmin Indiyawa. Rabin mako ina lab, rabi ina kan tsani. Sufabaizana ya ga na rame, bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. A haka na gama gwaje-gwajena, na rubuta babi-babi na kundina, saura gyara da ranar karewa.

Ana cikin haka Mista Tan ya samu aiki a unguwar Cheras. Saman wani jerin shaguna ne ake mayarwa wurin wankin ƙoda. Mai wurin ta kama hayar ginin, ta yi odar injina, ta sa ranar buɗewa, saboda haka kowa a guje yake. Tsarin irin wannan aiki shi ne mu masu bututu mu gama namu a sama, masu waya su gama nasu, sannan masu silin su zo su rufe komai da allon filasta su shafe. Da zarar an rufe, abin da ke ciki ya shiga kabari. In akwai kuskure ba mai ganinsa, kuma ba mai gyara shi sai an fasa.

A daidai wannan lokaci aka fara jin labarin kame a wuraren gini. Yau a ce an kwashe 'yan Bangaladash a can, gobe a ce an tare wata mota a nan. Wata Asabar da hantsi ina ɗaura takalmi, Hajara ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, Ummi a bayanta.

"Abban Walida, ka bar aikin nan haka. Saura ƙiris ka gama abin da ya kawo mu. Ko ruwa da gari ne za mu sha har ka kare kundinka."

Na ce mata wannan ne na ƙarshe. Na ce da an rufe silin ɗin Cheras na ajiye almakashi, kuma bai fi 'yan kwanaki ba. Ta ce in yi mata alkawari. Na yi mata. Ta matsa ta ba ni hanya.

Yanzu bari in gaya muku abin da ake kira but, don a kansa komai ya rataya. Kun san tagar nan mai raga da iska mai sanyi ke fitowa ta cikinta a silin ɗin banki ko asibiti. A bayanta, inda ido ba ya gani, akwai ɗan akwatin kwano. Bututu mai lanƙwasa yana kawo iska ya shiga wuyansa, shi kuma ya juyo da ita ƙasa zuwa ɗaki. Ma'aikata but suke ce masa. Abu ne mai arha, ba wanda yake kula da shi, amma dole a zaɓe shi a rataye shi kafin allo ya hau, a kuma bar leɓensa ya sauko daidai kaurin allon don ragar ta zauna lif. Iri-iri ne. Akwai mai wuya a ka, akwai mai wuya a gefe. Akwai tsirara, kwano zalla, akwai wanda aka naɗe da soso mai hana zufa.

Ranar da Mista Tan ya sauke kwalayen but daga motarsa na buɗe ɗaya na duba. Tsirara ne, masu wuya a ka, irin da ake samu a shago ko yaushe. Na ɗauki ɗaya na hau tsani na gwada. Ginin tsoho ne, akwai kankare a kwance da ya sauko ƙasa sosai, tsakaninsa da inda silin zai zauna bai fi kamu ɗaya da 'yan yatsu ba. In aka sa mai wuya a ka, dole bututun ya karye kamar gwiwa kafin ya shiga, iska ta shaƙe, ta riƙa fita da ƙyar tana kuka. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce kwano tsirara da iska mai sanyi a cikinsa, a sararin da ya cika da danshin garin nan. Zufa zai yi kamar kwalbar lemo da aka fitar daga firji. Ruwan ya taru a leɓe, ya jiƙa allo, a fara ganin da'ira mai ruwan ƙasa, daga nan baƙin fumfuna ya tsiro, iska ta riƙa kwaso shi tana watsawa. Na ga haka a gine-gine da yawa, na auna shi a lab, shi ne rabin kundina. Na leƙo ƙasa daga kan tsanin. An riga an zana da alli inda kujerun marasa lafiya za su zauna, kowace kujera a ƙarƙashin taga ɗaya. Mutanen da jininsu zai riƙa fita ta roba yana komawa, su wuni a kishingiɗe suna kallon sama.

Na sauko na gaya wa Mista Tan. Ya ce zai sa a naɗe su da soso da hannu. Na ce naɗin hannu ba ya rufe kusurwa da leɓe, kuma ko ya rufe, wuyan yana nan a ka. Na ce abin da wurin yake bukata shi ne gajerun akwatuna masu wuya a gefe, a ƙera su daidai awon sararin, a naɗe su tun daga maƙera. Ya goge fuska da tawul.

"Dokta, ka san maƙera za su rufe don sabuwar shekararmu. In na ba da oda yau, sai bayan biki. Masu silin jibi za su zo. Waɗannan boleh lah, za su yi, shekara ɗaya, biyu, ba wanda zai gani."

"Ni na gani," na ce masa. "Ba shagon takalmi ba ne, Mista Tan. In ka sa su, ka sa, aikinka ne. Amma ba da hannuna ba."

Ba zan ɓoye muku ba, da na faɗi haka ina fatan ya ce to in tafi. Da na karɓi haƙƙina na koma Danau Kota na cika alkawarina. Amma bai ce ba. Ya zauna a kan bokitin fenti, ya ce mahaifiyarsa ta yi shekaru tana zuwa irin wannan wuri kafin ta rasu, shi yake kai ta. Ya ce zai ba da odar, zai kuma sha zagin mai wurin, amma da sharaɗi ɗaya: tunda ni na zana su, ni zan rataye su, don yaransa ba su saba da irinsu ba, in aka samu kuskuren awo ba shi da kuɗin sake wasu. Na ce na yarda. A wurin na zana masa a bayan kwali, ya tafi da shi.

Mai wurin ta zo ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Shugaban masu silin ya kwashe mutanensa ya kai wani aiki, yana ta magana da yarensu yana nuna ni da haɓa. Ni kuwa faɗan da ke jirana a gida ya fi wannan nauyi, duk da ba a ɗaga murya ba. Na yi wa Hajara bayani dalla-dalla, har da zane a takarda, kamar ina gaban ɗalibai. Ta saurara har na gama, tana tsince shinkafa a faranti.

"Na ji marasa lafiya," ta ce. "Allah ya ba su lafiya. Amma su suna ƙasarsu, suna da gwamnati, suna da dangi. Mu wa muke da shi a nan in ba kai ba?"

Har yau da nake rubuta wannan ban sami amsar wannan tambaya ba. Na ce mata yini biyu ne kawai aikin ratayewa, bayan biki. Ta ce ai alkawarin da na yi mata ma 'yan kwanaki ne. Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba. Kwanakin bikin garin ya yi tsit, shaguna a rufe, sai ƙarar wasan wuta. Na zauna a gida ina gyaran kundi, kuna ta murna Abba yana nan. Faruk ya sa na haɗa masa jirgin kwali. Ina jin ba a taɓa samun kwanakin da na zauna da ku kamar waɗannan ba, kuma duk tsawonsu mahaifiyarku tana kawo mini shayi ta ajiye ba tare da ta dube ni ba.

Akwatunan suka iso yadda na zana su. Na shafa ɗaya, naɗin ya kama ko'ina, wuyan yana gefe, leɓen daidai. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ranar farko na rataye fiye da rabi, kowanne a jikin ƙarfen silin ba a kan allo ba, na saka bututu ya shiga a miƙe ba karyewa, na ɗaure, na shafe gaɓoɓin da gam. Mista Tan ya kunna injin don gwaji, ya sa hannu a ƙasan ɗaya, ya ce iska kamar ta kan dutse. Rana ta biyu, wajen hantsi, ina saman tsani da akwati a hannu, na ji gudu a matakala. Na ɗauka wani abu ne ya faɗo. Kafin in juya ɗakin ya cika da jami'an shige da fice. Wani ma'aikaci ya yi ƙoƙarin fita ta taga, suka riƙo shi. Ɗaya daga cikin jami'an ya tsaya a gindin tsanina ya ce in sauko. Abin da na tuna shi ne na rasa inda zan ajiye akwatin, don ƙasa duk ƙura ce, ba na so soson ya ɓaci. Sai da na nemi kwali na ɗora shi. Jami'in ya jira ni.

Ko wani ne ya kai rahoto, ko kuwa tsautsayi ne ya biyo ta layin, ban sani ba. An faɗa mini sunaye daga baya, ban ɗora wa kowa ba, ku ma kada ku ɗora. Da suka ga katin ɗalibi a aljihuna, ga kayan aiki a ƙuguna, magana ta ƙare. Aka zaunar da mu a layi a bakin titi, mutanen da ke cin abinci a mamak na ƙasa suna kallonmu. Mista Tan yana ta bin babban jami'in yana roƙo, yana cewa wannan dokta ne, shawara kawai ya zo bayarwa. Hannuna duk gam, wa zai yarda.

Ba zan ba ku labarin wurin da aka tsare mu ba. Na yi makonni a can, an aske mini kai, na kwanta a siminti tsakanin mutanen da ba na jin yarensu, na ga manya suna kuka. Wannan ya isa. Abin da ya fi cina ba yunwa ba ce ko ƙaiƙayi, tunanin Hajara ne a saman benen nan da yara uku, bizarta a rataye da tawa. Malam Bashir ya yi ta zirga-zirga, ya je wurin sufabaizana. Mutumin ya yi baƙin ciki, ya rubuta abin da zai iya rubutawa, amma doka ta riga ta hau. Aka soke bizar, jami'a ta cire sunana, aka buga mini hatimin hana dawowa. Sau ɗaya aka bar Hajara ta gan ni, ta bayan gilashi. Ta zo da Ummi. Yarinyar ta dube ni ta ɓuya a bayan hijabin uwarta. Hajara ce ta fara magana.

"Kana samun yin salla?"

Na ce ina samu. Ta ce to alhamdu lillahi, yara lafiya, kada in sa damuwa. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa, da na sami abin da zan riƙe in yi fushi da shi.

Ni aka fara sakowa a jirgi, da kayan jikina da silifas. Yayana Sani ya tarye ni a Kano, ya kai ni ɗakin baya na gidansa, don namu mun ba da haya kafin mu tafi. Kafin in huta labari ya riga ni zagaya gari. A lokacin an sha jin an kama 'yan ƙasarmu a can da ƙwaya ko damfara, saboda haka ba wanda ya tsaya tambaya. In na ce a wurin aikin gini aka kama ni, sai a yi murmushi. Wa zai yarda malamin kwaleji, mai shirin zama dokta, yana hawa tsani a ƙasar waje? Ƙwaya ta fi shiga hankali. Wasu ma na ga kamar sun fi girmama ni da ita, don aƙalla mai ƙwaya babban kuɗi ya nema. A kwaleji aka kafa kwamiti, aka kira ni na zauna a gaban mutanen da na koyar da wasunsu. Ba su kore ni ba, amma aka ɗora mini biyan abin da aka kashe a kaina, aka mayar da ni ɗakin gwaji, inda na ƙare aikina ina jera wa ɗalibai kayan awo. Waɗanda muka tafi tare suka dawo da jajayen hulunan dokta, aka yi musu walima, na je na ci shinkafa na yi musu addu'a. Na nemi wata jami'a a nan gida ta karɓi aikina, suka ce sai dai in faro daga farko. Ba ni da ƙarfin, ba ni da kuɗin, kuma gaskiya zuciyar ma ta mutu.

Hajara ta yi kusan wata biyu a bayana tana tattara kayan gidan. Ita kaɗai ta sayar da gado da firji da kwamfutata, ta cire ku daga makaranta, ta bi ofis-ofis da Turancinta na sakandare har ta samo takardar fita. Matan benen suka yi karo-karo aka cika kuɗin jirgi. Ranar da kuka sauka na ga ta zama wata, wuyanta ya fito, idonta ya faɗa. Muka kwana biyu a ɗakin bayan nan mu biyar ba mu yi wata magana mai tsawo ba. A rana ta uku, bayan azahar, kuna tsakar gida da 'ya'yan Yaya Sani, na tambaye ta ko ta ji labarin Mista Tan.

Ta ce ya zo har gida, da ledar lemo da ragowar haƙƙina, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. An ci shi tara mai nauyi saboda mu, mai wurin ta ƙwace aikin ta ba wani kamfani. Na ce to akwatunan fa, an ƙarasa rataye su? Ta ce Mista Tan ya roƙe ta kada ta gaya mini, amma ita ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Sabon kamfanin ya zo da nasa ragogin, ba su dace da bakin akwatunana ba, kuma ba su da lokacin jira. Suka cire duk waɗanda na rataye suka zubar a kwandon shara na bayan ginin, suka sa irin na shago, suka rufe silin a kwana biyu. An buɗe wurin, har da furanni a ƙofa.

Daga nan na tashi na jawo akwatunan da kuka zo da su, na fara buɗewa. Kayanku ne, da tukunyar dafa shinkafa, da 'yan zannuwanta, da takardun haihuwa. Na zazzage na ƙarshe ban ga abin da nake nema ba. Akwai kundina da na buga na ɗaure, mai gyaran sufabaiza da jan biro a kowane shafi, da littattafaina, da takardun awon da na tara shekara da shekaru. Tunda kwamfutar ta tafi, su kaɗai suka rage. Na tambaye ta a wace jaka suke.

"Kilo ya yi yawa," ta ce. "Ko su, ko kayan yara. Mai motar nan da ke zagayawa yana sayen tsofaffin jaridu, shi na kira. Ya ɗora a sikeli."

Na ce duka?

"Duka. Da kuɗin na yi musu tapau a ranar, don na riga na sayar da risho."

Ta faɗa tana ninke rigar Faruk, ba ta ɗago ba. Na duba fuskarta ko zan ga alamar ramuwa ce ta yi, ko nadama, ban ga ko ɗaya ba, gajiya kawai na gani. Na mayar da kayan cikin akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ta taya ni. Muna cikin haka Ummi ta shigo da gudu, ƙafafunta duk ƙasa, ta faɗa jikin uwarta ta tambaya da yaren can yaushe za mu koma gida. Hajara ta kakkaɓe mata ƙafa, ta ce da Hausa ake tambaya. Yarinyar ta tsaya tana neman kalmomin, ba ta same su ba, ta koma waje.